Babi Na Bakwai: Hanji, Maikro-RNA Da Kumburin Mara

Me ya sa mata biyu za su ɗauki ciwon sanyi iri ɗaya, ɗaya ta warke ta ci gaba da haihuwa kamar ba abin da ya faru, ɗayar kuwa ta shiga fama da ciwon mara wanda ba ya jin magani, bayan shekaru kuma likita ya shaida mata cewa hanyar da ƙwanta yake bi ta toshe? Amsar da aka fi bayarwa ita ce ta farkon ta je asibiti da wuri, ta biyun kuma ta yi jinkiri, kuma akwai gaskiya mai yawa a cikin wannan amsa, sai dai ba ta rufe maganar ba. A cikin matan da suka ɗauki ƙwayar cutar da ake kira kilamidiya kuma ba a yi musu magani ba, kimanin ɗaya cikin goma ce ciwon yake bayyana a mahaifarta da bututun ƙwanta cikin shekara guda, alhali sauran taran ma wannan ƙwayar ce ta shige su. Ke nan akwai wani abu a jikin macen kanta wanda yake da ta cewa a kan ko cutar za ta hau sama, da kuma irin ɓarnar da za ta bari idan ta hau. A shekarun baya-bayan nan masu bincike sun karkata hankalinsu ga abubuwa biyu waɗanda a da ba wanda zai zaci suna da hannu a ciwon mara: bakteriyar da ke zaune a hanji, da wasu gajerun saƙonni da jiki yake ƙerawa waɗanda ake kira maikro-RNA.

Abin da ake nufi da kumburin mara

Kalmar ciwon sanyi a bakin jama'a babban kwando ce wanda ake zuba ƙaiƙayi da farin ruwa da zafin fitsari da ciwon mara duka a cikinsa, amma abin da wannan babi yake magana a kai ya fi wannan ƙunci. Kumburin mara shi ne ciwon da yake faruwa idan ƙwayoyin cuta suka ƙetare bakin mahaifa suka shiga cikinta, daga nan suka bi bututun ƙwai guda biyu, wani lokaci har su kai gidan ƙwai da tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Alamominsa sun haɗa da ciwo a ƙasan cibiya, da zafi lokacin saduwa, da zubar jini tsakanin haila da haila, da zazzaɓi, ko da yake a wajen mata da yawa alamomin ba su da ƙarfin da zai sa su nemi likita, wasu ma ba sa jin komai sai ranar da aka binciki dalilin rashin haihuwa.

Bututun ƙwai siriri ne ƙwarai, kuma cikinsa shimfiɗe yake da wasu ƙananan gasusuwa masu kaɗawa waɗanda suke tura ƙwai a hankali zuwa mahaifa, don haka ƙaramin tabo ya isa ya lalata aikinsa. Binciken da har yanzu ake dogara da shi a kan wannan ɓarna shi ne wanda likita Lars Weström da abokan aikinsa suka yi a birnin Lund na ƙasar Suwidin, inda suka bi diddigin matan da aka tabbatar da ciwon a jikinsu tsakanin 1960 da 1984. Sakamakon da suka wallafa a 1992 ya nuna cewa toshewar bututu ta hana haihuwa ga kashi 8 cikin ɗari na matan da ciwon ya kama sau ɗaya, da kusan kashi 20 na waɗanda ya kama sau biyu, da kashi 40 na waɗanda ya kama sau uku ko fiye. A cikin waɗanda suka samu ciki kuwa, kimanin kashi 9 cikin ɗari cikin farko ya zauna musu a wajen mahaifa, alhali a wajen matan da ba su yi ciwon ba adadin bai kai kashi 2 ba. Wani nazari da aka yi a kan bayanan waɗannan matan a 1993 ya ƙara nuna cewa jinkirin kwana uku ko fiye kafin neman magani yana ninka haɗarin rashin haihuwa ko cikin wajen mahaifa kusan sau uku.

Masu gadin ƙofa

Kafin a kai ga hanji, wajibi ne a fahimci abin da yake tsare ƙofar mahaifa, domin ta nan ne yawancin tasirin hanjin yake biyowa. A 1892 wani likitan mata Bajamushe mai suna Albert Döderlein ya bayyana wasu bakteriya masu siffar sanda da ya gani a gaban mata masu lafiya, waɗanda a yau ake kira Lactobacillus. Danginsu ɗaya da bakteriyar da take mayar da madara kindirmo, kuma aikinsu ɗaya ne, wato su ci sukari su fitar da tsami. Kamar yadda nono mai tsami yake daɗewa bai lalace ba alhali madara takan lalace cikin yini guda, haka tsamin da waɗannan bakteriya suke samarwa yake hana baƙin ƙwayoyi samun wurin zama, kuma yana taimaka wa yauƙin nan mai kauri da ya toshe bakin mahaifa ya ci gaba da aikinsa na shinge.

Ba kowace mace ce take da waɗannan masu gadi da yawa ba. A 2011 Jacques Ravel da abokan aikinsa suka duba mata 396 a Amurka waɗanda ba sa kukan wani ciwo, suka gano cewa za a iya kasa su gida biyar, huɗu daga ciki Lactobacillus ne yake rinjaye, na biyar kuma gauraye ne na bakteriyar da ba ta son iska, irin su Gardnerella da Prevotella, kuma wannan gida na biyar ya fi yawa a cikin mata baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka. Idan wannan gaurayen ya yi yawa yakan haifar da ruwa mai ƙarni kamar na kifi, kuma wasu daga cikin waɗannan bakteriya suna fitar da sinadaran da suke narkar da yauƙin bakin mahaifa, su buɗe hanya ga kansu da ga duk wata ƙwayar da ta zo bayansu. Wannan ne ya sa idan aka gwada matan da kumburin mara ya kwantar, kusan rabinsu ne kawai ake samun gonoriya ko kilamidiya a jikinsu, a wajen sauran kuwa sau da yawa waɗannan bakteriya na gida ne, ko kuma waɗanda asalinsu na hanji ne kamar Escherichia coli da Bacteroides.

Maƙwabcin bayan katanga

An ƙiyasta a 2016 cewa jikin baligi yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, kusan daidai da yawan ƙwayoyin halittar jikin kansa waɗanda suka kai kimanin tiriliyan 30, kuma mafi yawan waɗannan bakteriya a babban hanji suke, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Hanya mafi sauƙin ganewa da suke shafar mara ita ce maƙwabtaka, domin tazarar da ke tsakanin dubura da gaban mace 'yar kaɗan ce, kuma bakteriya suna ƙetare ta a kullum. Ƙetarewar ba sharri ba ce koyaushe, domin an gano cewa matan da suke da Lactobacillus a dubura sun fi samun sa a gaba, kamar dai hanjin rumbu ne da ake ɗebo iri daga cikinsa idan na gona ya ƙare, amma daga wannan rumbun ne kuma Escherichia coli take fitowa.

Hanya ta biyu ta bi ta sinadarin istirojin ne, wato homon ɗin da gidan ƙwai yake fitarwa. Idan istirojin ya gama zagaye a jini, hanta takan ɗaura masa wata alama ta zuba shi cikin ruwan matsarmama zuwa hanji domin ya fita da bayan gida, sai dai wasu bakteriyar hanji suna da sinadarin da yake kwance wannan alama, don haka wani kaso na istirojin ɗin ya koma jini. Muhimmancin wannan shi ne istirojin ne yake sa tantanin gaban mace ya yi kauri ya tara wani irin sitaci da ake kira gilaikojin, wanda daga gare shi Lactobacillus yake samun abinci. Ta haka abin da yake faruwa a hanji yake iya taɓa abincin masu gadin ƙofa.

Hanya ta uku ta fi sauran nisa, kuma ita ce ta fi jan hankalin masu bincike. Hanji shi ne wurin da garkuwar jiki ta fi haɗuwa da baƙi, kuma a nan take koyon bambanta wanda ya cancanci yaƙi da wanda ya cancanci a ƙyale shi. Idan bakteriyar hanji suka samu harza, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya iya narkarwa kamar dusar gero da ɓawon wake da jijiyoyin ganye, sukan ruɓar da ita su fitar da wasu ƙananan sinadaran maiƙo, mafi shahara a cikinsu shi ne butiret. A 2013 ƙungiyoyin bincike daban-daban a Amurka da Japan suka nuna a jikin ɓeraye cewa waɗannan sinadarai suna ƙara yawan wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne kwantar da tarzoma, wato su tsayar da kumburi idan an gama yaƙi. Wani bincike na 2010 da ya kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, waɗanda abincinsu gero ne da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Florence na Italiya, ya samu cewa yaran ƙauyen sun fi yawan waɗannan sinadarai a bayan gidansu, kuma Prevotella ce ta fi yawa a hanjinsu. Akwai abin lura a nan ga mai gaggawar raba bakteriya zuwa nagari da mugu, domin wannan dangi na Prevotella da yake alamar cin harza a hanji, wasu 'yan'uwansa ne suke cikin masu rushe shingen bakin mahaifa, haka kuma sinadaran maiƙon da suke kwantar da kumburi a hanji, idan suka yi yawa a gaban mace alamar lalacewar tsamin wurin ce.

Maɓoyar kilamidiya

Kilamidiya ƙwayar cuta ce da ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin halittar jikin da ta shiga, kuma ta nuna wata dangantaka ta musamman da hanji. A jikin dabbobi da yawa takan zauna a hanji tsawon lokaci ba tare da ta haifar da wani ciwo ba, kuma a wajen mata ana yawan samun ta a dubura tare da bakin mahaifa, har ga waɗanda ba wata hanyar da ta kai ta can sai yaɗuwa daga gaba. Maganin azithromycin na sha ɗaya, wanda aka daɗe ana bayarwa, bai cika kawar da ta duburar ba kamar yadda doxycycline na kwana bakwai yake yi, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fifita doxycycline a ƙa'idojinta na 2021. Macen da aka share wa cutar a gaba aka bar ta a baya tana iya sake kamuwa daga jikinta ita kanta.

Guangming Zhong na jami'ar Texas da ke San Antonio ya kai maganar gaba da haka. A ɓerayen da ya yi aiki da su, kilamidiyar da aka sa a gaba takan yaɗu zuwa hanji ta zauna, kuma ya kawo hasashen cewa bututu yana shan duka sau biyu ne kafin ya lalace: dukan farko shi ne raunin da ƙwayar take yi idan ta hau bututun, na biyu kuma shi ne wasu fararen ƙwayoyin jini da zamanta a hanji yake tayarwa, waɗanda suke zuwa wurin raunin su mayar da shi tabo mai toshewa. Abin mamaki shi ne idan aka juya tsarin, ƙwayar ta fara sauka a hanji kafin ta taɓa gaba, sai ɓeran ya samu kariya maimakon ɓarna.

Akwai kuma wata dabarar da ta nuna yadda bakteriyar gida take iya ciyar da baƙuwa. Ɗaya daga cikin makaman garkuwar jiki shi ne ta hana kilamidiya wani tubalin gina furotin mai suna tiriftofan, ta yadda yunwa za ta dakatar da ita. A 2003 Harlan Caldwell da abokan aikinsa suka nuna cewa nau'in kilamidiyar da yake kama al'aura yana iya ƙera wannan tubali da kansa idan ya samu wani sinadari mai suna indol, alhali nau'in da yake kama ido ya haifar da cutar tarakoma ba ya iyawa. Jikin mutum ba ya ƙera indol, bakteriya ne suke ƙera shi, ciki har da na hanji da wasu daga cikin gaurayen nan marasa son iska, Lactobacillus kuwa ba ya cikin masu yin sa.

Mai tare ɗan aike

Domin fahimtar maikro-RNA, ana iya kwatanta ƙwayar halitta da gari wanda yake da fada da maƙera. A fada ake ajiye babban kundin umarni, wato DNA, wanda ba ya fita waje ko kaɗan, kuma kowane babi nasa, wanda ake kira ƙwayar gado, bayanin yadda za a ƙera wani furotin ne. Idan ana bukatar furotin sai a kwafi babin a wata takarda mai suna RNA a ba ɗan aike ya kai maƙera. An daɗe ana ɗaukan cewa a fada kaɗai ake yanke yawan abin da za a ƙera, sai a 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun, suna aiki a kan wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, suka gano wani guntun RNA mai haruffa kimanin 22 wanda ba ya ɗauke da umarnin ƙera komai, aikinsa kawai shi ne ya tare ɗan aike a hanya, ya manne wa takardarsa, ya hana a karanta ta ko ya sa a yaga ta. Da farko an ɗauka wani abin al'ajabi ne na tsutsa kawai, har sai da Ruvkun ya gano na biyu a 2000 ya kuma nuna cewa akwai shi a jikin mutum. Yanzu an san mutum yana da fiye da dubu, kuma ɗaya yana iya tare saƙonni masu yawa, abin da ya sa aka ba mutanen biyu lambar yabo ta Nobel a 2024.

Maikro-RNA ba ya kashe fitila ɗungurungum, rage mata haske yake yi, kuma wannan shi ne ainihin abin da kumburi yake bukata, domin kumburin da ya yi kaɗan yakan bar cuta ta yaɗu, wanda ya yi yawa kuma yakan ƙone gidan da ake karewa. Ana ba su lambobi maimakon sunaye. Wanda ake kira miR-155 yana cikin masu rura wutar kumburi, miR-146a kuwa birki ne, kamar yadda ɗakin binciken David Baltimore ya nuna a 2006: ƙararrawar da take tayar da kumburi ita ce kuma take sa a ƙera shi, shi kuma ya dawo ya rage ƙarar ƙararrawar. Ɓerayen da aka cire wa wannan birki sukan kamu da kumburin da ba ya tsayawa.

Yadda tabo yake samuwa

Abin da yake toshe bututun ƙwai yawanci aikin jikin ne da kansa, domin ƙwayar cutar tana iya mutuwa da magani ta bar gyaran da jiki ya fara yana ci gaba ba bisa ƙa'ida ba. Duk wanda ya ga yadda fatar da ta ƙone take warkewa ta yi tauri ta janye, ya ga abin da yake faruwa a cikin bututun: ƙwayoyin halitta masu gashin nan mai kaɗawa sukan mutu ko su sauya kama, wasu kuma su zuba wani zare mai tauri da ake kira kolajin, har bututun ya manne ko ya cika da ruwa. Akwai dangin maikro-RNA da suke riƙe da linzamin wannan aiki, kamar miR-29 wanda yake taƙaita ƙera kolajin, da dangin miR-200 waɗanda suke hana ƙwayoyin tantani sauya kama.

Joseph Igietseme da abokan aikinsa a hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ke Atlanta sun nuna a 2013 cewa a bututun ɓerayen da kilamidiya ta kama, wani sinadari mai suna Dicer, wanda shi ne almakashin da yake yanka maikro-RNA ya gama siffanta shi, yakan lalace, don haka masu riƙe linzamin su ragu, kuma da suka ba ɓerayen maganin da yake hana wannan lalacewa sai suka ci gaba da haihuwa. A 2014 kuma Laxmi Yeruva da Roger Rank a jihar Arkansas suka kwatanta nau'o'i biyu na kilamidiya, ɗaya mai yawan lalata bututu ɗaya kuma mai sauƙi, suka samu cewa cikin awa 24 na farko tsarin maikro-RNA a bakin mahaifar ɓerayen ya riga ya bambanta. Idan aka tabbatar da irin wannan a jikin mata, likita zai iya ɗaukar ɗan ruwa daga bakin mahaifa ya gane wadda take cikin haɗarin toshewa tun kafin tabon ya fara, abin da babu wani gwajin da yake yi a yau.

Inda zaren biyu suka haɗu

Bakteriyar hanji da maikro-RNA suna magana da juna, kuma maganar ta kowane ɓangare take fitowa. Butiret da makamantansa suna sauya yawan maikro-RNA da ƙwayoyin tantanin hanji suke ƙerawa. A ɗaya ɓangaren, Shirong Liu da Howard Weiner a birnin Boston sun nuna a 2016 cewa tantanin hanji yana zuba maikro-RNA cikin bayan gida, kuma waɗannan guntaye suna shiga cikin bakteriya irin su Escherichia coli su sauya yadda suke girma. Ɓerayen da aka hana tantanin hanjinsu ƙera maikro-RNA sun samu rikicewar bakteriya da ciwon hanji mai tsanani, da aka ba su na lafiyayyun ɓeraye kuma suka samu sauƙi. Hoton da yake fitowa daga haɗa waɗannan sakamako shi ne abinci da magunguna suna siffanta bakteriyar hanji, bakteriyar tana daidaita garkuwar jiki ta hanyoyin da maikro-RNA yake cikinsu, garkuwar kuma ita take yanke ko kumburin bututu zai tsaya a kan lokaci.

Hoto ne mai ma'ana, amma kusan kowane sashe nasa a jikin ɓera ko a kwanon ɗakin gwaji aka gan shi, kuma kilamidiyar ɓera ba ita ce ta mutum ba. A wajen mata akwai matsalar gane wanne ya riga wanne, domin macen da take fama da ciwon mara ta sha magungunan kashe bakteriya da yawa, kuma waɗannan kaɗai sun isa su sauya hanjinta. Domin kauce wa wannan tarko, masu bincike suna amfani da ƙwayoyin gado, tunda ana samun su ne tun ranar da aka ɗauki cikin mutum, kafin ciwo da magani: idan masu ƙwayar gadon da take ƙara wata bakteriya a hanji su ne kuma suka fi kamuwa da kumburin mara, wannan alama ce cewa bakteriyar tana cikin sababi. Yawancin irin waɗannan nazarce-nazarce sun dogara ne da tarin bayanan MiBioGen na mutum 18,340 da aka wallafa a 2021, wanda mafi yawan mutanen cikinsa 'yan asalin Turai ne, kuma tunda an riga an ga yadda hanjin mai cin gero ya bambanta da na mai cin taliya da nama, kuskure ne a ɗauki sakamakonsu a ɗora wa matan Afirka kai tsaye.

Abin da ya riga ya isa asibiti

Babu wani maganin maikro-RNA da aka amince da shi don kumburin mara, kuma tarihin irin waɗannan magunguna yana kira ga taka-tsantsan, domin a 2016 an dakatar da gwajin wani mai suna MRX34 a kan masu ciwon daji bayan garkuwar jikin wasu ta harzuƙa har aka rasa rayuka. Ɓangaren bakteriya ya fi kusa da amfani. Don kumburin mara, ƙa'idar Amurka ta 2021 ta tanadi allurar ceftriaxone guda ɗaya, da doxycycline da metronidazole na kwana 14, kuma an mayar da metronidazole ɗin dole ne saboda bakteriyar nan marasa son iska. A wani gwaji na 2020 a kan mata 228 a Amurka, sanya Lactobacillus crispatus mai rai a gaba bayan an gama magani ya rage dawowar ruwan nan mai ƙarni daga kashi 45 zuwa kashi 30 cikin mako 12. Wani gwaji na Ostareliya na 2025 ya fi wannan ba da mamaki, domin yi wa abokin zama magani tare da matar ya rage dawowar wannan ruwan mai ƙarni daga kashi 63 zuwa kashi 35. An yi wannan gwaji ne a kan ma'aurata mace ɗaya namiji ɗaya, amma a gonoriya da kilamidiya dokar ta daɗe a bayyane, wato a gidan da yake da mata fiye da ɗaya maganin da bai haɗa da maigida da dukan matansa ba zagaye kawai cutar za ta yi ta dawo.

Wannan ilimi yana kuma bayyana illar wasu al'adu da ake yi da niyyar tsafta. Wanke cikin gaba da sabulu ko ruwan magani, da cusa kayan matsi, suna kashe masu gadin ƙofa ko su raunata tantanin da suke zaune a kai, kuma bincike ya daɗe da danganta wanke ciki da ƙaruwar kumburin mara. Tsarki daga gaba zuwa baya yana rage ƙetarewar bakteriyar dubura. Gonoriya da kilamidiya ba a ɗaukar su daga masai, duk da yawan ɗora wa ban-ɗaki laifi. Game da kindirmo da kwalaben bakteriyar da ake tallatawa kuwa, nau'in Lactobacillus da ke cikin nono daban yake da wanda yake tsaron bakin mahaifa, kuma babu gwajin da ya nuna cewa shan su yana warkar da bututun da ya kumbura, don haka macen da ta tsaya a kansu tana cinye kwana ukun nan ne da binciken Lund ya nuna tsadarsu.

Al'adar da ta fi kowacce ɓarna ita ce sayen 'yan ƙwayoyin kafso a kantin magani duk lokacin da mara ta murɗa, a sha kwana biyu a daina, domin wannan yana rikita hanji da gaba a lokaci guda, bai kashe cutar da ke bututu ba, kuma yana horar da ita ta saba da maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sababbin kamuwa da gonoriya miliyan 82 da na kilamidiya miliyan 129 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma gonoriya ta riga ta bijire wa kusan kowane maganin da aka taɓa dogara da shi a kanta. Babi na gaba zai bi tarihin wannan bijirewa tun daga zamanin fenisilin, har zuwa 2018 lokacin da aka samu wani majiyyaci a Ingila ɗauke da nau'in da ceftriaxone da azithromycin duka suka kasa kashewa.